Ranar da Na Fito Daga Kabarina a Mayo

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Mayo, a gefen Khartum, ba za su bari ba. Har gobe in na shiga motar haya sai an sami wani mai bakin tsiya ya ɗaga murya ya ce, "Ku matsa wa Marigayi ya zauna." Da ni ake, alhali ga ni da raina da lafiyata. To bari ku ji labarin daga bakina, don masu ba da shi a madadina gishiri suke ƙara masa. Amma tun yanzu ku sani, ɗakin da na gina ba shi da laifin komai. Idon mutane ne ke da laifi.

A farkon shekarun mulkin soja ne. Ina aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, a wani wuri da muke buga tayil ɗin daɓe. Mai wurin wani tsohon Bature ne ɗan Italiya, fari fat da furfura, Hawaja Bito muke ce masa. 'Yan uwansa Turawa da yawa sun tattara sun tafi da abubuwa suka rikice, shi kuwa ya ce ƙashinsa ya riga ya saba da zafi. Sai dai jikinsa ne kawai a Khartum. Ransa yana can yankinsu, Puliya, wanda ya ce in ka dubi taswirar Italiya ka ga ta yi kama da takalmi, to su ne dunduniyar.

Da hantsi ya yi, muka zauna cin ful, dafaffen waken da muke karyawa da shi, sai ya buɗe mana Puliya da Larabcinsa mai ɗingishi. Teku ta gabas, teku ta kudu, ruwa shuɗi har kana hango tsakuwar ƙasansa. Garuruwa farare a kan gaɓar dutse, wai akwai inda mace za ta leƙo ta tagar ɗakin girkinta ta ga igiyar ruwa tana dukan ƙarƙashin gidanta. Itatuwan zaitun da suka girmi kakan kakan kowa. Wani gari mai suna Lecce da dutsensa ke da laushi, magina suna sassaƙa shi yadda mata ke sassaƙa ƙwarya. Wata fada mai kusurwa takwas a kan tudu, wadda wani sarki ya gina, sarkin da ya ce har Musulmi ya zaunar a wani gari na yankin, da masallatansu da komai. Ya ce babu wanda bai bi ta kansu ba, Girkawa, Rumawa, Larabawa, Turkawa, kowa ya zo ta teku ya bar musu wani abu ya kwashi wani. Sauran ma'aikata ful ɗinsu suke ci. Ni kuwa baki buɗe nake saurare (ni da babban ruwan da na taɓa gani a duniya shi ne inda kogunan Nilu biyu suka haɗu).

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne hoton wata tsohuwar kalanda da ke bangon ofishinsa. Wasu ɗakuna ne farare na wani gari, Alberobello, kowanne da rufin dutse mai tsini kamar malafa, da ɗan tulluwa a ƙololuwa, da wata alama da aka zana da farar ƙasa a jikin rufin. Turullo ake ce wa irinsu. Hawaja ya ce dutse ake ɗorawa kan dutse, ba siminti ba laka. Na ce me ya sa? Ya kashe ido ɗaya ya ce, yadda kakanninsu suka faɗa, sarki ne ke karɓar haraji a kan duk wani gini tsayayye, to da an ji masu duba gari suna tafe sai talakawa su zare duwatsun, rufi ya zube, a ce ai tarin dutse ne. Da sun wuce a sake ɗorawa.

"Ku gwamnati ke rushe muku," in ji shi. "Mu kuwa riga ta muke yi."

Wannan magana ta zauna mini daram, saboda a lokacin ina cikin matsalar ɗaki. Ina neman auren Nafisa, 'yar Umdurman da ke tsallaken kogi. Iyayenmu duka daga gonakin Jazira suka taso, mahaifinta ya amince, ita ma ba sai an faɗa ba. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce mahaifiyarta, Hajja Batul. Kuma ban ga laifinta ba gaba ɗaya. Shekarun rusau ne. Katafila za ta shigo unguwa da sojoji a bayanta, a ce wurin ba ya cikin tsari, kafin azahar gidanka ya zama fili. Babbar 'yarta ta dawo mata gida da 'ya'ya da katifa a ka ta wannan hanyar. Don haka ranar da na je gaishe ta, ko shayin da aka kawo mini bai huce ba ta ce, "Ya waladi, magana ɗaya ce. Ba rumfa ba, ba buhu da kwali ba. Ɗakin da katafila ba za ta ci ba. In babu, halas, Nafisa tana ɗakina."

Na ce, "Hajja, an gama."

Ina da ɗan fili a can ƙarshen Mayo, bayan gidajen ƙarshe, inda baƙi ke sauka kullum, kowa bai gama sanin kowa ba. Dabarata ita ce in gina turullo. In na ji katafila, in zare, in ta wuce in mayar. Na sayo jan bulo daga masu gasawa a bakin kogi, na fara ɗorawa ba laka, kamar yadda kakannin Hawaja suka yi. Ya rufto. Na sake, ya sake ruftowa, har ya kusa tafiya da babban yatsana. Ashe faffaɗan dutsen Puliya daban, bulon bakin Nilu daban. Mai hankali da nan ya haƙura. Ni kuwa sai na ce ai ko ba a zarewa, kyan ma ya isa, kuma sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Na nemo wani tsohon magini, Usta Jibrin, na zana masa abin a ƙasa da tsinke. Ko gezau bai yi ba, ya ce ya sha gina irinsa. (Na yi mamakin yaushe Usta Jibrin ya je Italiya, amma ban tambaya ba.) Ya kwaɓa laka, ya riƙa jawo bulo ciki-ciki, layi bayan layi, har rufin ya haɗe a sama da tsini. Ranar da muka rufe ƙololuwa ya dube ni ya ce, "Ta wa ce?"

Na bugi ƙirji na ce, "Tawa ce, Usta."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro da tunanin manya. Allah ya sa ka cika da imani." Na ga addu'ar ta yi wa ango nauyi, amma na ce amin.

Sai ado. Na shafe shi da farar ƙasa tun daga tushe har tsini. Na ɗora tulluwa a sama kamar na hoton. Alamar da ke jikin na kalanda ta yi mini kama da gicciye, ni kuwa ɗan Musulmi, sai na sa aka ƙera mini jinjirin wata na ƙarfe na kafa. Ƙofa ƙarama ce, sai ka sunkuya, na shafa mata koren fenti saboda shi ne ya rage a wurin aiki. Don warin farar ƙasa ya fita, duk Juma'a in na zo sai in turara bahur a ciki in kulle in tafi, domin na rantse ba mai kwana a ɗakin kafin amarya.

Na san abin da kuke tunani. Farin gini mai tsini, da jinjirin wata, da koriyar ƙofa a kulle, yana ƙamshin turare, shi kaɗai a bayan gari. A ƙasar Sudan. Wallahi duk zuwan da zan yi wurin Nafisa sai motarmu ta wuce ƙubbobin kaburburan shehunnai na Umdurman, tun ina goye nake ganinsu. Amma idona ya cika da Italiya. In na tsaya na kalli ɗakina, teku nake gani a bayansa.

Alamu kuwa sun zo, ni ne ban karanta ba. Akwai wata mai shayi a bakin hanya, Hajja Sakina, ta taɓa tare ni ta ce, "Ya waladi, wa ya nuna maka wannan gini?" Na ce wani dattijo ne mai farin gashi, daga bayan teku ya zo. Ta ce, "Allahu Akbar," ta ƙi karɓar komai a shayin ranar. Ashe ta ɗauka a mafarki dattijon ya zo mini, kamar yadda ake cewa waliyyai na yi in suna son a gina musu wuri. Bayan nan na fara tarar da tsummoki a ɗaure a ƙayar da na kewaye filin da ita, na ce iska ce. Na ga an kwakkwafe ƙasar gindin bango, na ce ɓeraye. Na tarar da dabino a bakin ƙofa, na ce kai, maƙwabtan nan akwai kara, tun kafin biki sun fara gudummawa. Na cinye.

Aka sa ranar da Hajja Batul za ta zo ganin ɗaki, wata Juma'a bayan la'asar. Na kwatanta musu hanya, amma ban faɗi kamannin ɗakin ba, so nake ya ba ta mamaki. Da aka sauko daga masallaci, rana na dukan ƙwaƙwalwa, ba kowa a waje, na shige. Na share, na shimfiɗa sabon zanen gado, na cika kasko da bahur, na sa sabuwar farar jallabiya da rawani. Na tura ƙofa. Ɗakin kuwa sanyi kamar randa (wannan ko maƙiyina ya shaida). Na ce bari in ɗan miƙe. Barci ya sace ni.

Murya ce ta tashe ni, dab da ƙofa, kuma na san ta. Abin da ya faru, na ji daga baya, Hajja Batul da ƙanwarta sun sauka daga mota sun yi ta neman ɗakin saurayi ba su gani ba. Sai suka ga ƙubba, mata sun kewaye ta suna ziyarar Juma'a. Hajja ta ce tun da Allah ya kawo su, bari ta kai kukanta. Ta cire takalmi, ta kutsa har gaba, ta durƙusa.

"Ya Sidi, ya mai wannan wuri," take cewa, "albarkacinka wurin Allah. Yaron nan da ke neman 'yata, in ba alheri ba ne ka kore mana shi. Surutu gare shi kamar rediyo. Kullum teku, teku, ko kwalbar ruwa bai mallaka ba. Ga kunnuwa kamar na tulu. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, ya Sidi."

Ina kwance a gadon amarya, sirikata tana kai ƙarata wurina. Na shafa kunnuwana. Na rasa abin yi, in yi shiru ta ci gaba, in yi magana in ce me? Ana cikin haka hayaƙin bahur ya sarƙe ni, tari ya ƙwace mini.

Waje ya yi tsit.

Na ce to, abin da zai faru ya faru. Na ja ƙofa, na sunkuyo, na fito cikin fararen kaya, hayaƙi na bin bayana, na ce, "Assalamu alaikum."

Ban taɓa sanin tsofaffi na da gudu haka ba. Wata ta yar da jikanta ta dawo ta fizge shi. Wata ta bi ta cikin ƙaya. Wata kuwa ƙafa ta ƙi, ta zauna tana ta salati da ƙarfi. Hajja Batul ta yi baya ta zauna daɓas, mayafi ya zame, ta ɗago ta dube ni, na dube ta. Na ga lokacin da tsoro ya bar fuskarta, wani abu da ya fi tsoro muni ya maye gurbinsa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Hajja. Sannu da zuwa. Ga ɗakin."

Kamar wannan bai isa ba, sai ga Hajja Sakina mai shayi ta taho tana haki tana cewa, "Ku dawo, ku dawo, hadimin Shehu ne!" Waɗanda suka gudu suka juyo, suka yi layi za su sumbaci hannuna.

A nan ne ya kamata in nemi ƙasa ta tsage in shige. Kunya kam na ji ta har cikin ƙashina. Amma ni in kunya ta kama ni, taurin kai take zama. Na fizge hannuna, na hau kan ragowar bulo, na fara jawabi. Na ce jama'a, wannan ba kabari ba ne, turullo ne. Na ce a Puliya gari guda ne cur irin wannan, mutane na haihuwa a ciki, suna girki, ba wanda ya taɓa ɗaura musu tsumma. Na kawo teku ta gabas da ta kudu. Na kawo garuruwan kan gaɓa, na kawo dutsen Lecce, na kawo fada mai kusurwa takwas. Na ce har Musulmi sun zauna a yankin, kowa ya je ya tambaya. Na ba da labarin sarki da haraji, ina nuna yadda ake zare dutse. Wata tsohuwa ta share hawaye ta ce, "Ji karama, har ƙasar Nasara Shehu ya musuluntar."

Hajja Batul ta miƙe, ta gyara mayafi, ta karkaɗe jikinta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Na ce ka gina wa 'yata ɗaki," ta ce. "Ban ce ka binne ta da ranta ba. Kuma abin da ka ji na faɗa, ban janye ko ɗaya ba."

Ta tafi da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ya ɓace a turmutsutsu.

Aka dakatar da maganar aure. Yayyena suka ce in rushe abin in yi ɗaki mai kusurwa huɗu kamar kowane ɗan Adam. Na ce ko bulo ɗaya ba zan cire ba. Na kwashe kayana na tare a ciki, na shanya wanki a waje don a san mai rai ne, na riƙa korar masu ziyara ina cewa, "Ba kowa a ciki sai ni!" Su ce, "Haka hadimai suke, ba sa son a sani." Da na ba Hawaja labari, dariya ya yi har sai da aka ba shi ruwa, sannan ya ce in kai shi ya gani. Ya zagaya ɗakin, ya shafa bango. Ya ce rabonsa da ganin gida tun yana da baƙin gashi.

Sai katafila ta zo.

Wannan ɓangaren ba na dariya ba ne. Da safe suka shigo, motar sojoji a gaba, suka fara daga bakin hanya. Ina ji ina gani ɗakunan mutane na zubewa, mata na jan gadaje da randuna, ba su san inda za su nufa ba sai gindin ɗakina. Kafin katafilar ta iso, an kewaye ni da katifu da tukwane da yara. Direban ya zo dab, ya ɗaga kai ya ga jinjirin wata, ya kashe inji. Hafsan da ke tare da su ya daka masa tsawa. Direba ya ce, "Janabu, ni ina da 'ya'ya. Ka hau ka tuƙa da kanka."

Hafsan bai hau ba. Ya tako wurina, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wurin wa ne wannan?"

Ni da na yi makonni ina ihun ba kabari ba ne, na buɗe baki, na ga idon matan nan a kaina. Hajja Sakina ta riga ni: "Shehun Bayan Teku ne, janabu."

Ya ce da ni, "Haka ne?"

Na ce, "Ni na gina shi, ni nake kwana a ciki." Ku duba maganar nan da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta.

Sai ya rage murya ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya, in yi mata Fatiha. Na ɗaga hannu na yi, da zuciya ɗaya kuwa, Fatiha ai ba ta shehunnai kaɗai ba ce. Suka ja da baya, suka bar ɗakina da 'yan ɗakunan da ke jingine da filin, wai hurumi ne. Kakannin Hawaja rushe nasu suke yi don hukuma ta wuce. Nawa tsayuwarsa ce ta kore ta.

Labari ya haye kogi ya isa Umdurman kafin magariba. Nafisa ce ta ƙarasa aikin. An ce ta sami mahaifiyarta ta ce, "Yumma, ke kika ce ɗakin da katafila ba za ta ci ba. A duk Khartum nuna mini wani." Bayan kwanaki Hajja Batul ta aiko cewa ta yarda, amma a cire jinjirin watan. Na ce ba zan cire ba. Nafisa ta aiko cewa in na kuskura na cire, ita ce ba za ta zo ba.

A ɗakin aka kawo ta, a ciki aka haifi 'ya'yanmu na fari, waɗanda unguwa ke kira 'ya'yan Marigayi. Hajja Batul ba ta taɓa yabon ɗakin ba, ko sau ɗaya. In ta zo, a waje take zama, wai ƙirjinta na nauyi a ciki. Amma wata rana bayan suna, na zagayo bayan ɗaki zan ɗauko buta, na tarar da ita a tsugune tana ƙulle 'yar ƙasar gindin bango a bakin mayafinta. Muka haɗa ido.

"Gwiwa ce ke damuna," ta ce. "Kuma in ka faɗa wa wani, sai ka shiga ciki da gaske."

Na riƙe mata har ta koma ga Allah, yau ne na fara faɗa.

Darasin da na koya ba wai kada mutum ya kwaikwayi ginin Italiya ba ne, wannan ko yanzu aka ba ni fili turullo zan sake yi. Abin da na koya shi ne, in za ka ɗauko abu daga bayan teku, ka fara tsayawa a bakin hanya ka kalle shi da idon mai shayin unguwarku. In kuma ka tarar da dabino a ƙofarka ba ka san wanda ya ajiye ba, ka tambaya kafin ka ci.